Ɗumin Hannun Emilia

Da yammar wata Talata, bayan jirgin Jos ya wuce, Emilia ta sauke tukunya daga murhu. Hutu ta zo gidan iyayenta a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan, kafin makarantar jinya ta tura ta ɗakin bakwaini, inda ake kwantar da jariran da suka iso duniya lokacinsu bai yi ba. Tun zuwanta ba ta da aiki sai gwaji. Ta naɗe kwalba da tsumma ta ce jariri ne, ta dafa almakashi, ta dafa cokula, har uwarta Afiniki tana tsokanarta wai saura mutanen gidan.

Ran nan sai ta ɗauki tafasasshen ruwan ta kwara a gindin tsohon rumbun bayan gida, rana na faɗuwa, ba ta ce a gafara ba. Afiniki ba ta fashin coci, amma ko ruwan wanke-wanke ba ta zubarwa da magariba sai ta gargaɗi masu wurin, wato aljanu. Daga ƙarƙashin rumbun wani siririn kuka ya tashi kamar na ɗan kyanwa, ya yanke.

Washegari da almuru duwatsu suka fara sauka a kan kwano, ba a ga mai jifa ba. Maigidan, Bartholomew, ya karanta Zabura har muryarsa ta dishe. Matan zumunta na coci suka zo suka yi waƙa, jifa ta lafa, suna fita ta dawo. Emilia kuwa ta daina ci. Sai ta zauna a ƙasa tana jijjiga hannuwa babu komai a cikinsu, tana rarrashi da muryar da ba tata ba.

Ranar tafiya ta matso. Afiniki ta ajiye kunya, ta yafa zane ta shiga cikin gari wurin Malam Arzika, wani dattijo da aka sani da irin wannan aiki.

"Malam, yarinya na ne. Ka taimake ni," ta ce.

Ya zo kafin duhu, ya zauna nesa kaɗan da Emilia, ya yi karatu a hankali, ya daɗe yana yi. Gidan ya yi tsit, har kaji suka yi shiru. Can Emilia ta ɗago kai, muryar wata mace ta fito daga bakinta, a gajiye.

"Ɗana bakwaini ne. Na kwantar da shi ƙarƙashin rumbu don ya sami ɗumin hatsi. Ta ƙone shi. Fatarsa ta saɓule, yanzu kullum rawar sanyi yake."

"Ba da sani ta yi ba," in ji Malam. "Me kike so ki rabu da ita?"

"Na ji tana cewa inda za ta akwai irinsa da yawa a akwatunan gilas. Zan bi ta, in zaɓi ɗaya."

Afiniki ta dafe ƙirji. Malam ya ɗaga murya ya ce waɗannan ba su yi mata laifin komai ba, kuma muddin yana numfashi ba za ta taka ƙofar ɗakin ba. Hannuwan Emilia suna ta jijjiga, aljanar ta ce:

"To, a ba ni ɗumin hannun da ya zuba ruwan, in rufe ɗana da shi."

"Har yaushe?"

"Har ya girma. Mu kuwa ba ma saurin girma."

Malam ya juya ga Afiniki ya ce ita ce uwa, ita za ta amsa. Ta dubi 'yarta, ta tuna 'ya'yan mutane da ke kwance cikin gilas, uwayensu na jira a baranda. Hawaye na zuba ta ce ta yarda. Emilia ta yi atishawa ta kife. Da ta farfaɗo ba ta tuna komai ba, sai ta kama hannun uwarta, Afiniki ta ji shi kamar ruwan randa.

Emilia ta tafi, ta kuma yi aikinta da kyau. An dai santa a ɗakin bakwaini da rungumar kwalbar ruwan zafi kafin ta taɓa kowane jariri. Likitoci sun auna ta ba su ga komai ba, Afiniki kuma ba ta taɓa faɗa mata ba.

Bayan 'yan shekaru Emilia ta yi aure, ta dawo gida wankan haihuwar fari. Da magariba ta miƙa hannu ta ɗauki ɗanta, yaron ya ƙanƙame jiki ya tsala kuka, bai yi shiru ba sai da kakarsa ta karɓe shi.

"Mama, me na yi masa? Don me ba ya son hannu na?"

Afiniki ta dubi wajen rumbu. Ta goya jikanta, ta tashi ta ɗora wa 'yarta ruwa a wuta.