Kwana Huɗu Ba Amsa Daga Karabshin

Ihun da Meerim ta ƙwala ranar, sai da masu kwaɓa siminti a ƙasa suka ɗaga kai.

Ita da mahaifiyarta, Apa Burul, sun je duba wani gida ne a hawa na tara na wani sabon bene a birnin Osh, wanda yayanta da ke aiki a Mosko yake sha'awar saya. Dillalin, Eldiyar, yana gaba yana ta zuba, rabin maganarsa kan gidan, rabi kan kansa. Meerim ta zame ta nufi taga. Tana yaye ledar da aka rufe gilashin da ita, sai ga fuskar mutum a waje, ido cikin ido, ƙafafunsa na reto a sararin Allah.

"Innalillahi!"

Mutumin ya ɗaga hannu ɗaya. "Yi haƙuri, ƙanwata. Ba aljani ba ne, mai toshe tsagar bango ne."

"Ka riƙe da hannu biyu! Don Allah, Baike, ka riƙe!" Baike, wato yaya, haka suke kiran namijin da ya girme su.

"Igiya ce ke riƙe da ni. Hannun nan na gaisuwa ne."

Ta zauna a kan buhun siminti. Ita da ko tsani ba ta iya hawa ta tsinko tuffa a gidansu. Shi kuwa ya kalle ta, murmushin ya bar fuskarsa, sannan a hankali ya mayar da hannun ya kama igiyar.

Ba su sayi gidan ba. Amma kwana uku bayan nan sai ga shi a kantin maganin da take aiki, yana neman filasta, yatsunsa duk a tsage. Sunansa Ulukbek. Da sanyi yana aikin benaye, da rani kuma yana jagorantar masu hawan dutse zuwa Karabshin, inda manyan duwatsu ke tsaye kamar ganuwa. Ya dawo bayan kwana biyu. Washegari ya sake dawowa.

"Baike, yatsu nawa ne da kai?" ta tambaye shi a zuwa na biyar.

"Goma. Saura biyar ke nan. In sun ƙare sai in fara kawo na ƙafa."

Kafin ƙanƙara ta narke a kan Dutsen Sulaiman, ta daina ce masa Baike, shi kuma ya fara ce mata Janim, wato raina. Sai dai son nan da tsoro ya zo mata. In tana tafiya a titi ba ta ɗaga kai, kada ta hango shi. In ta ji jiniyar motar asibiti sai ta zaro waya.

"Kana ƙasa?"

"Ina ƙasa, Janim. Ina cin samsa, samosar nama. Haɗarin da nake ciki kawai, da zafi take."

Ranar da ya zo gaida mahaifinta, Ata Toktosun bai ko taɓa shayinsa ba. Ya bar saurayin ya gama bayani tsaf, sannan ya ce, "Yaro, shekara talatin na yi ina tuƙa babbar mota a hanyar duwatsun Pamir. Sau biyu na ɗauko irinku a bayan motata, a naɗe cikin tanti. Ɗaya da zobe a yatsarsa. Allah Ya hana mutum jefa kansa ga halaka, ko ba ka ji wannan ba?"

"Na ji, Ata. Ba na jefa kaina. Sau uku nake duba ƙullin igiyata, sannan in yi bisimilla."

"Su ma sun duba."

Ulukbek ya sunkuyar da kai.

"Ba don ta yi takaba na haifi 'yata ba. Sha shayinka ka tafi."

Meerim tana bayan labule tana jin komai. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne, duk abin da mahaifinta ya faɗa, ita ma ta sha faɗa wa kanta.

A makon ne Eldiyar ya fara zarya gidansu, yau kankana, gobe kwalin alewa. Apa Burul ta ce, "Ga mutumin da ƙafarsa ke ƙasa. Ya ce zai ba ki gida a hawa na biyu, da lifta."

"Apa, ni ba lifta zan aura ba."

Ulukbek bai janye ba. Wata Juma'a bayan masallaci ya turo mata hoto: ƙaramin gida a gefen gari, farin fenti ya ɓaɓɓare, rumfar inabi ta rufe tsakar gida.

"Na samo mana. Ɗaki uku, rijiya, ko matakala ɗaya babu, saboda ke. Tsohuwar mai gidan za ta koma wajen 'yarta a Bishkek. Ta ce za ta jira ni in dawo daga Karabshin. Tafiyar nan ce za ta cika kuɗinsa."

"In ka dawo," ta rubuta, sai ta goge. Ta sake rubutawa: "Allah Ya dawo da kai."

Ya tafi a farkon watan Agusta. Akwai wayar tauraron ɗan adam guda a sansaninsu, kullum da la'asar saƙonsa yake shigowa.

"Mun wuce Batken. Direban ya yi ta waƙa har na gwammace mota ta lalace."

"Kwana biyu a kan doki. Dokin ya tsane ni. Gobe za mu ga ganuwar."

"Yau na yi Azahar a kan wani ɗan tudu da bai fi tabarma ba, da taimama, ina ɗaure da igiya. Janim, ban taɓa jin ƙanƙantata kamar a nan ba. Na yi miki addu'a, na yi wa Ata ma."

Takan karanta sau goma, ta shiga bayan kanti ta yi nafila.

A kwana na goma sha ɗaya Eldiyar ya shigo kantin. Bai sayi komai ba, ya ɗora wayarsa a kan kanta. "Ba gulma na kawo ba. A shafin kamfaninsu na gani, kowa ma ya gani."

Ulukbek ne, a gindin dutse, hannayensa biyu a ƙugun wata doguwar mace mai dariya, goshinsu ya kusa haɗuwa.

"Kwana goma a tanti ɗaya," in ji Eldiyar. "Can sama ai babu liman."

Watanni tana haɗiye tsoro, ranar sai duk ya juye ya zama fushi. Ta rubuta kafin ta yi tunani:

"Na ga hoton. Ni ina nan ba na barci, kai kana can kana rungume-rungume. Ata ya yi gaskiya. Kada ka sake ce mini Janim. Kada ma ka dawo wajena."

La'asar ta yi, babu amsa. Ta ce kunya ce ta kama shi. Washegari ma shiru. Ta ce girman kai ne. A rana ta uku suna karyawa, rediyon Ata ya ce duwatsu sun zubo a wata ganuwa a Karabshin, mutum biyu na maƙale a sama, ɗaya ya ji rauni, kuma hadari ya hana jirgi mai saukar ungulu tashi. Ba a faɗi suna ba.

Kofin ya suɓuce daga hannunta.

Ta kira kamfanin, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. A kira na bakwai wata mata ta ce, "Eh, jagoranmu ne. Ba mu san wanda ya ji raunin ba." Meerim ta zauna daɓas a ƙasa ta buɗe saƙonta na ƙarshe. Kada ma ka dawo. Da hannunta ta rubuta. Ta ji kamar addu'a ta yi aka amsa.

"Ata," ta ce. "Ni na ce masa kada ya dawo."

Ata Toktosun ya kashe rediyon. Sai ya miƙe ya ciro makullin tsohuwar motarsa daga ƙusa. "Ɗauko mayafinki."

Awa biyar suka yi a hanya. Duk inda duwatsu suka bayyana daga kudu, baƙin hadari a kansu, sai ta runtse ido. Carbin mahaifinta na hannunta, ta ja har yatsarta ta yi ja. Sau ɗaya kawai ya yi magana, da suka tsaya salla a wani ƙauye: "Ki roƙa masa. Ba a yanke wa mai rai likkafani."

Sun kwana a gidan wani tsohon abokin tuƙinsa. Da sassafe suka tafi harabar asibitin Batken, inda aka ce nan za a kawo su in an samo su. Wata mace na zaune a kan benci cikin rigar sanyi ja, fuskarta a kumbure. Meerim ta gane ta nan take. Ita ce ta hoton.

Matar ta ɗago. "Ke ce Meerim? Ya nuna mana ke. Kullum zancen gidan inabi, har mijina ya fara tsokanarsa." Ta fashe da kuka. "Sunana Saule, daga Almati muka zo. Mijina Yerlan ne dutse ya karya wa ƙafa. Ulukbek ya sauke ni ƙasa, mutanen sansani suka fito da ni. Da ya ga dama da ya tsaya a nan. Sai ya koma sama."

"Hoton nan da kuka yi..."

"Wanne? Wanda yake duba mini ɗamarar igiya? Yerlan ne ma ya ɗauka. Ba ya barin kowa ya taka dutse sai ya ja ɗamarar da hannunsa."

Meerim ta rufe fuska. Saule ta jawo ta, suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowacce na jiran nata. Ata Toktosun yana tsaye gefe, hannu a baya. Ya ji komai.

Azahar ta wuce. Duk motar da ta shigo sai su zabura. Can wajen la'asar aka ji ƙarar jirgi daga kudu, ƙarama kamar ta sauro, tana girma. Ba a jima ba motar asibiti ta shigo daga filin saukar. Aka fito da gadon ɗaukar marasa lafiya, mutum a kai a lulluɓe har wuya. Meerim ta miƙe tsaye. Saule ta ruga tana kiran sunan mijinta, shi kuma ya ɗaga hannu.

Sai wani ya sauko a baya, a hankali kamar tsoho, leɓɓansa a fashe, hannayensa biyu naɗe da bandeji har gwiwa. Kwana biyu ya yi yana zuro da Yerlan igiya bayan igiya, cikin ruwa da ƙanƙara, har fatar tafinsa ta saɓule.

Ta tsaya a gabansa. "Ka karanta?"

"Na karanta, da asubar ranar da muka hau."

"Ulukbek, wallahi ban..."

"Na ce ba zan amsa a waya ba, sai na zo da bakina. Duk lokacin da barci ya so ɗaukata a can, sai in tuna ana jirana da faɗa a Osh." Ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓensa ya tsage. "An yarda in ce Janim?"

Ta fashe da kuka. Kai kawai take gyaɗawa.

Ata Toktosun ya matso. Ya kama hannun saurayin ta wuyan hannu, ya juya shi, ya daɗe yana duban bandejin da jini ya ɓata. "Me ya mayar da kai sama? Ba ɗan'uwanka ba ne."

"Ni na kai shi, Ata."

Tsohon ya saki numfashi. "Ban daina tsoro ba, kuma ba zan daina ba. Ita ma haka. Amma wanda bai bar baƙo a kan dutse ba, ba zai bar 'yata a kan hanya ba. In hannun ya warke, ka turo manyanka."

A Satumba mahaifiyar Ulukbek ta zo ta sa wa Meerim 'yan kunnen zinariya, alamar baiko. Tsohuwar mai gida ta cika alkawari, ta miƙa makulli, ta ce a riƙa yi wa inabin aski kafin sanyi. Eldiyar bai sake biyowa ta layin kantin ba.

An ɗaura aure a tsakiyar Oktoba, a tsakar sabon gidan. An dafa shinkafa da karas da naman tunkiya a tukunyar da sai maza biyu suke ɗagawa. Yerlan ya zo da sanduna, ya dage sai ya yi rawa, Saule na riƙe da bayan rigarsa. Apa Burul, wadda ta yi ta gunaguni har ranar, ita ce ta fi kowa cusa wa ango nama.

Da aka gama ci, aka nemi Ata Toktosun ya sa albarka. Ya miƙe, kowa ya buɗe tafin hannu. Ya yi gyaran murya.

"Allah Ya cika gidan nan da takalman yara. Allah Ya sa baƙo ya shiga da yunwa ya fita da ƙoshi. Duk wanda ya fita daga ƙofar nan da safe, Allah Ya dawo da shi da ƙafarsa. Ku tsufa tare, har ku riƙa faɗa kan wa ya ɓatar da tabaran wa."

Aka yi dariya, aka shafa. Meerim ta ce amin a hankali, ta sake cewa, ta kuma cewa.