Jiƙaƙƙun Duwatsun Madatsa

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan ne ana shirin sallar magariba. Dattijon mai gidan yana alwala, ya ɗauka yaran maƙwabta ne. Da na uku ya gangaro gaban butarsa sai ya gan shi a jiƙe, da gansakuka a jikinsa, alhali wata huɗu rabon da a ga ruwan sama. Ya san dutsen. Shi da ɗansa na fari suka jera irinsa a bangon madatsar da yake ban ruwan gonarsa da ita.

Shekara biyu ke nan da ɗan ya nutse a madatsar, ba a kuwa samu gawarsa ba. Watan jiya jami'in duba madatsun ruwa ya zo, ya ga tsaga a bango, ya ƙirga gidaje tara a gangare, ya rubuta cewa madatsar tana matakin haɗari mafi girma, lallai a saki ruwan. Dattijon ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin katifa. Ya ce wa matarsa ba zai bar tumatirinsa ya bushe ba.

Kwana shida ana jifa, kullum da faɗuwar rana. A na bakwai aka tarar da autarsu zaune a bakin ƙofa, ba ta amsa kira, ruwa yana ɗiga daga kitsonta.

Malamin da aka ɗauko ya daɗe yana karatu kafin ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsoho ce, a gajiye. Aljanin da ke jikinta ya ce shi ba jifa yake yi ba, abin da ruwa ya zare daga bango yake kawo wa mai shi ya gani. Tun kafin a tare rafin yake zaune a wurin, yanzu kuma da bayansa yake tokare da bangon. Malam ya umarce shi ya rabu da yarinyar. Ya ce zai rabu da ita in za a buɗe ƙofar ruwa.

Dattijon ya fara maganar amfanin gona, muryar ta katse shi.

"Ba tumatir kake ji ba. Ɗanka yana nan a gindin bututun madatsar, ni nake gadinsa. Na gaji. Ka zo ka karɓi abinka."

Uwar ta toshe bakinta da mayafi. Malam ya tambayi iya kwanakin da zai ƙara riƙe bangon, ya ce uku. Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda. Yarinyar ta yi atishawa, ta kira babanta da muryarta.

Da safe ya zaro takardar, ya bi gidajen tara ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu, yana neman gafara. Sannan ya murɗa ƙarfen ƙofar ruwa da hannunsa.

A rana ta uku laka ta bayyana a gindin bututu. Bai bar kowa ya sauka ba sai shi. Matarsa ta tsaya a kan bango, rungume da likkafani.

"Ka bi a hankali," in ji ta. "Ka tsinto mini shi duka."