Masu Gadi Uku a Laftof ɗin Marigayi

Da magariba abin ya fara, a irin yammacin da ba wanda zai ce zai tuna da shi. Auta ta danna maɓallin laftof ɗin mahaifinta ta zauna jira, uwarta ta jawo kujera kusa da ita kamar kullum. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Ta biyu ta biyo baya. Uwar ta leƙa tsakar gida, ba ta ga komai ba sai shanya a kan igiya. Ta dawo ta zauna, domin wata bakwai ke nan da rasuwar maigidan, kuma tun lokacin ba abin da ke ba ta tsoro ko dariya.

Marigayin bugun takardu yake yi wa mutane, kuma Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai tsoron asara. Sau ɗaya bairos ya taɓa cinye masa aikin wani ɗalibi. Tun daga ranar ya loda wa laftof ɗin antibairos har uku, wani a kan wani, wai shi a ganinsa masu gadi ba sa yawa. Na'urar kuwa tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta kaɗan. In an kunna ta sai ta kwashe kusan rabin awa kafin ta buɗe, fankarta na huci, cikinta na zafi. A cikin wannan jiran yake shan shayi da matarsa, suna hirar da ba ta da kai ba ta da gindi. Da ya tafi Auta ta gaji aikin, uwar kuma ta ci gaba da zaman jiran.

Kawun Auta, ƙanen uwar, mai gyaran kwamfuta ne, ya yi magana har bakinsa ya gaji.

"Yaya, ukun nan junansu suke kamawa. Kowanne na ganin ɗan'uwansa ne ɓarawon, ba mai duba ƙofa. A cire su a sa guda ɗaya marar nauyi, wanda ba ya cin ƙwaƙwalwa. Wallahi ko takarda ɗaya ta marigayi ba za ta ɓace ba."

"A bar ta yadda ya bar ta," shi ke nan amsarta.

Jifan bai daina ba. Daga danna maɓalli yake farawa, da na'urar ta buɗe sai ya tsaya. A mako na biyu Auta ta yi nauyi. A kira ta, sai an manta da kiran sannan ta amsa. Ta ɗauki kofi, hannun ya tsaya a hanya, ruwan ko motsi ba ya yi. Jikinta zafi rau, asibiti suka ce ba su ga komai ba. Masu takardu suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kwashe kayansu. Uwar na gani, tana so ta ji zafin abin, amma zuciyar ta ƙi tashi.

Ranar da Auta ta wuni a zaune ba ta ƙifta ido ba, kawu bai nemi shawarar kowa ba, ya je ya kawo malam. Dattijo ne ƙanƙane mai tabarau, ba ya gaggawar magana. Ya jira rana ta faɗi, ya ce a kunna laftof ɗin. Fanka ta fara huci, tsakuwa ta fara sauka, shi kuma ya fara karatu a hankali. Bai yi nisa ba Auta ta buɗe baki, wata murya ta fito, ta namiji, mai kauri, kowace kalma sai an jira ta.

"Sassauta, malam. Zafi."

"Wane ne kai? Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Wucewa nake. Na tarar da wuri mai ɗumi, mutum biyu zaune shiru suna jira. Na shiga akwatin nan in huta. Masu gadinsu na ta kokawa da juna, ba wanda ya tambaye ni. Da na tashi fita sai na tarar sun cunkushe hanya. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, idon yarinyar."

Kawu ya dubi yayarsa.

"Za ka fita yau," in ji malam.

"Sai a sallami ukun, hanya ta buɗe. Ko kuma a yi sulhu." Kan Auta ya juya a hankali har ya daidaita da uwar. "Ke. Ba kya so a taɓa. A bar akwatin yadda yake, in koma ciki. Rabin awar nan taki ce kullum, har ƙamshin shayinsa zan kawo miki. Yarinyar aronta kawai zan riƙa yi, lokaci lokaci."

Jifan ya dakata. Malam bai yi wa uwar wa'azi ba, ya dai cire tabarau yana gogewa. Ita kuwa ta so sulhun. Gaskiya ta so ƙwarai, kuma wannan son shi ne abu na farko da ta ji a ƙirjinta cikin wata bakwai. Ta dubi hannun 'yarta da ya sandare a kan gwiwa, farcen ya yi tsawo ba wanda ya lura.

"Cire su," ta ce wa ƙanenta.

Da na'urar ta gama buɗewa, kawu ya jawo ta kan cinyarsa. Ba su fita da daɗi ba, kowanne sai ya tambaya sau uku ko da gaske ake. Malam na karatu, kawu na dannawa. Da na ukun ya fita fanka ta yi shiru, labulen taga ya ɗaga ya koma, Auta ta yi atishawa ta kife a jikin uwarta, gumi na zuba.

"Umma, ƙishi nake ji," ta ce, da muryarta.

Kawu ya sa guda ɗaya marar nauyi, ya bar shi ya bincika na'urar kaf, ya nuna wa yayarsa takardun marigayi ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan.

Washegari da magariba uwar ta dafa shayi ta nufo ɗakin. Auta ta danna maɓalli. Kafin uwar ta jawo kujera na'urar ta buɗe, yatsun Auta har sun fara gudu a kan haruffa.

"Umma, kin gani? Ko jira babu."

"Na gani," in ji uwar.

Ta tsaya a bayanta riƙe da kofin, ba ta zauna ba. Can ta koma kicin ta tsaya gaban murhu, ta yi wa mijinta kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da shi.