Likita Mai Gizago

Umma ta ajiye jaridar a kan teburin falo, ta danne ta da yatsa ɗaya kamar mai tsoron kada ta gudu.

"Wannan ke ce, ko idona ne?"

Likita ta tsaya a bakin ƙofa, farar rigar aikinta a rataye a hannu. Ba sai ta matso ba. Ita ce a hoton, garin katako har gira, gizago a hannu, tana dariya da duka haƙoranta. A ƙasa an rubuta cewa kujerar da ta ci gasar masassaƙa ta bana, ashe likitar ƙashi ce ta yi ta.

"Ni ce, Umma."

"Wannan dogon na gefenki fa?"

"Kafinta ne... shi nake so in aura."

Umma ta ɗago kai daga jaridar. Da ta buɗe baki kuwa, sai da ta lissafo shekarun karatu ɗaya bayan ɗaya, da yadda marigayi Baba ya rasu da burin ganin 'yarsa a asibiti. Ta ce ga likita abokin aikinta yana ta sintiri a gidan nan yana neman aurenta, ita kuma ta rasa wanda za ta kwaso sai mai ƙusa a bayan kunne.

Shekara biyu ke nan da aka kawo Kafinta asibiti da karaya a wuyan hannu. Ranar da Likita za ta yanke masa ɗaurin filasta, ya zuba wa hannunta ido, ya ce wannan riƙon zarton ba a aji aka koye shi ba. Dariya ta ƙwace mata. Ta gaya masa tun tana ƙarama take fiƙe itace da wuƙar kicin, har sai da aka koma ɓoye wuƙaƙe a gidansu. Ya ce shagonsa na bayan tashar mota, kuma ranar Asabar ba ya rufewa.

Ta je sau ɗaya don ta gani. Daga nan Asabar ta zama tasu.

Bai taɓa yi mata yabon ƙarya ba. Ƙafar kujerar farko da ta sassaƙa, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce in da ta mutum ce da sai an koma tiyata. Ta yi fushi na kwana uku, ta dawo ta gyara. Da yake ta san ƙashin baya kamar yunwar cikinta, kujerunta suka fito daban. Mai ciwon baya in ya zauna, sai a ji ya sauke ajiyar zuciya. Kafinta ne ya laƙaba mata Mai Gizago, da wannan sunan kuma ta shiga gasar don kada a gane ta.

Wanda ya tona asirin shi ne likitan da Umma ke so, wanda ma'aikatan jinya ke kira Mai Turare don ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki. Tun ranar da Likita ta ce masa ya yi haƙuri ba za ta aure shi ba, ya bi diddiginta har shagon. Shi ya kai wa ɗan jarida labari, shi kuma ya rubuta wa shugaban asibiti cewa mai wasa da zarto bai kamata a ba ta wuƙar tiyata ba. Aka aiko mata da takarda ta bayyana gaban kwamiti ranar Alhamis.

Da takardar a hannu ta nufi shagon, tana neman wanda zai ce mata komai zai wuce. Ta tarar Kafinta ya tattara kayan aikinta a akwati, ya ɗaure da igiya.

"Mene ne wannan?"

"Kayanki ne, ranki ya daɗe."

"Yau kuma ni ce ranki ya daɗe? Ina Mai Gizagon?"

Bai ɗago ba. Ya ce shi ba zai zama sanadin raba hannun da ya gyara masa nasa da asibiti ba, kuma ba zai shiga tsakaninta da mahaifiyarta ba.

"Masoyi, kalle ni ka faɗa..."

"Kada ki ƙara zuwa."

Ta ɗauki akwatin da kanta. Sai da ta rufe ƙofar mota kukan ya zo.

Zaman kwamiti bai kai rabin awa ba. Shugaban asibitin, dattijo mai gilashi a kan hanci, ya duba duk aikin da ta yi a shekara biyun bai sami inda hannunta ya karkace ba. Ya tambayi Mai Turare wace doka ce ta hana likita riƙe gizago ranar hutunsa. Mai Turare ya hau gyaran wuyan riga. Dattijon ya ce ta dai nisanci zarton lantarki, sannan ta yi wa sashen masu ciwon baya kujeru shida.

Ta ci nasara, amma ta koma gida kamar wadda aka kora. Mako uku tana tsakurar abinci, tana amsa gaisuwa da kai. Umma na kallo ta wutsiyar ido. Ran nan da safe ta yafa mayafi, ta ce Likita ta kai ta wurin mutumin nan ta ja masa kunne ya fita harkar 'yarta.

Kafinta ya gan su, ya durƙusa har ƙasa. Ya rame shi ma. Tun kafin Umma ta gama jera faɗan da ta shiryo, ya ce ta kwantar da hankalinta, ai tuni ya sallami Likita, ya ce kada ta ƙara zuwa.

Umma ta juyo a hankali ta dubi 'yarta, ta sake dubansa.

"Kai ka kore ta?"

"Don kada ta..."

"'Yar tawa? Wadda manya ke layi a ƙofarta? Kai wane ne da za ka ce ba ka so?"

"Wallahi Umma ina so. Son ne ya sa."

"To son banza ke nan, wanda ke mayar da yarinya kamar tsinke."

Likita ta toshe baki da mayafi, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Umma ta ja numfashi, ta zauna a benci, ta shiga yi masa tambayoyi: iyayensa, sallarsa, inda yake kwana, ko zai taɓa hana matarsa aikin asibiti. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, gumi na bin wuyansa. Da ta miƙe, ba ta kalle shi ba ta ce ya turo manyansa, kuma ya sa riga mai kyau.

Ya rako su har mota. Ta gilashi ya sunkuyo, murya ƙasa ƙasa.

"Mai Gizago... ki yafe mini."

"Sai na yi shawara," ta ce, amma murmushin ya riga ya tona ta.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ranar da 'yan'uwa suka zo ganin gidan amarya, wata gwaggo ta tsaya tana shafa furannin da ke jikin ƙofar falo, ta ce lallai angon nan ya iya aiki. Umma ta gyara zama.

"Wane ango? Shi maƙalawa kawai ya yi. 'Yata ce ta sassaƙa."