Firizar Gwaggo Kalolaine

Lesieli na zaune a kicin tana ɓare rogo, amma hankalinta na kan takardar bankin da ke aljihunta. Kwana uku ke nan tana yawo da ita. Gidansu a unguwar Blacktown, nesa da tsibirinsu na Tonga, mutum goma sha ɗaya ne a ɗaki uku, babu inda mutum zai yi kuka ba a tambaye shi wa ya mutu ba.

Shekara biyu suka yi ita da saurayinta Semisi suna gina suna a wurin banki. Matashin da bai taɓa cin bashi ba, banki bai san da zamansa ba, don haka kowa ya karɓi ƙaramin katin bashi, ya sha mai da shi, ya biya kafin ranar biya ta zo. Makin da ake ba mai biya a kan kari yana ta hawa a hankali. Sun yi alkawari ba aure sai sun sami rancen ɗan gida, domin Semisi ya rantse ba zai kai amarya garejin babansa ba.

Abin da bai sani ba shi ne, bara Gwaggo Kalolaine, yayar baban Lesieli, ta zo ta ce tana son babbar firiza, shago ya hana ta bashi, sai a sa sunan 'yarta Lesieli. To wace 'yar Tonga ce za ta dubi gwaggonta ta ce a'a? Baban ma kansa ba ya musu da ita. Lesieli ta sa hannu, ta ja bakinta ta yi shiru.

Gwaggo ba macuciya ba ce, tana biya. Sai dai in an yi rasuwa can tsibiri, ko lokacin ba da gudummawar coci ya zo, sai ta ce shago ya jira, ai ba guduwa za ta yi ba. Sau biyar tana makara, sau biyar ana rubutawa a sunan Lesieli. Banki ya duba ya ce babu rance.

Da la'asar Semisi ya shigo da kayan aikinsa, yana dariya.

"Amaryata, sun amsa? Ko in fara auna labule?"

Ta miƙa masa takardar, ta faɗa masa komai tana hawaye. Ya karanta sau biyu.

"Ba firizar ce ta dame ni ba," in ji shi. "Ni ma ina da gwaggo, na san yadda abin yake. Amma shekara guda ina miki zancen gida kina ce min to, alhali kin san abin da kika binne?"

Ya fita bai ko gaida mamanta ba. Sati biyu bai kira ba, ita kuma ba ta ga laifinsa ba. Kunya da nadama suka hana ta cin abinci, don ta san ba gwaggo ce ta yi masa ƙarya ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ta yi ta maza ta je gidan Gwaggo. Ta zauna a ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta yi bayani.

"Ni na ci kuɗin wani?" Gwaggo ta taso mata. "Ko dala ɗaya ba sa bina!"

"Kin biya, Gwaggo. Amma a nan makara ma laifi ce, kuma shekara biyu take yi ba a goge ta ba."

Gwaggo ta ce a hankali, "Ke nan ni na hana ki aure."

Washegari matar nan da dangi kaf ke rusuna mata ta hau bas har ɗakin ajiyar kaya inda Semisi ke aiki, ta ba shi haƙuri a gaban abokansa. Kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa kansa. Ranar ya kira Lesieli, ya ce zai jira, da sharaɗin ba za ta ƙara ɓoye masa komai ba.

Shekara biyun nan ba su zo da sauƙi ba. Ƙawayenta uku suka yi aure ta yi musu rakiya. Ana cikin haka wani kawunta ya zo neman aron sunanta zai ɗauki mota, Lesieli ta fara in-ina. Sai ga Gwaggo ta leƙo daga falo.

"Sunan yarinyar nan na rufe shi. Mai so ya zo ya tambaye ni."

Babu wanda ya zo.

Da wa'adi ya cika banki ya amince, aka ɗaura aure, suka tare a gidansu mai ɗaki biyu. Mahaƙurci mawadaci. Girmama manya wajibi ne, amma suna ba zane ba ne da za a ba da aro a wanke a dawo da shi, kuma wanda za ki zauna da shi har tsufa, shi ya kamata ya fara jin inda kika sa hannu.