Takardar Uzuri Daga Malumfashi

Ranar da Enoch ya fara ganin Roda, goye yake da mahaifinsa. Kububuwa ce ta sari Baba Isaiah a gonar gyaɗa a Gozaki, aka garzayo da shi asibitin mishan a Malumfashi. Wata doguwar nas, Roda ke nan, ta tare su a bakin ƙofa, ta dubi ƙafar, ko gezau ba ta yi ba.

"Kwantar da shi nan. Kai kuma bar rawar jiki, riƙe mini kwanon nan."

Ya riƙe, yana kallon hannayenta suna aiki ba gaggawa ba jinkiri.

A kwana na biyar na jinya ta same shi gindin mangwaro ya yi tagumi.

"Lafiya, Malam? Ai Baba ya samu sauƙi."

Ya faɗa mata shi ɗalibin aikin gona ne a jami'a a Zariya, shekarar ƙarshe. Ranar miƙa babban rahotonsa ta wuce yana nan. Doka ta ce wanda bai zo ba ya aika da takardar uzuri da shaidar likita cikin kwana bakwai, ko ya maimaita shekara.

"Jibi wa'adin zai cika. Ruwa ya cinye gadar hanyar Funtua, motar wasiƙu ba ta zuwa. Ni kuwa ba zan bar Baba ba."

"Rubuta," in ji ta.

"Wa zai kai?"

"Kai dai rubuta."

Ya rubuta, ta karɓo sa hannun likita. Washegari bai gan ta ba ko kaɗan.

Da ya koma Zariya, malaminsa ya ce takarda ta iso kan lokaci, an ƙara masa mako biyu. Sai da ya dawo duba jikin Baba, Mama Ladidi mai girkin asibiti ta warware masa.

"Ba ka sani ba? Ranar hutunta Roda ta ari keke, mil talatin har tashar jirgin Funtua, ta sa takardarka a jirgin Zariya. A wurin karyayyar gada ta ɗora keken a ka, takardar a cikin ɗankwali, ruwa har ƙirji. Maza na tsaye a gaɓa suna salati."

Enoch ya zauna a kan turmi. Can ya tashi ya tafi neman Roda.

Da ya je gabanta, ya ce, "Roda, don me?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ga yadda ka goyo Baba. Na ce mai yin haka bai cancanci asarar shekara ba."

Daga nan wasiƙu suka fara kaiwa da komowa. Yana kiran ta Likitata, tana kiran sa Manomina.

Amma labarin keken ya isa Kafur, kunnen mahaifinta Malam Bature mai wa'azin bishara.

"A ce 'yata ta ratsa kogi don saurayi? 'Yan jami'a a birni suke aure. Ga Abraham malamin makaranta nan, mun san gidansu."

Enoch ya ji a kasuwar Bakori wai an riga an karɓi gaisuwar Abraham. Ya daina rubutu. Bayan wata guda wannan wasiƙa ta iso:

"Manomina, shirunka ya fi ruwan nan tsorata ni. Gaisuwa kam an kawo, amma na ce wa Baba a mayar. Ban iya rantsuwa ba, na dai iya jira. In kana nan kan maganarka, ka zo. Taka, Roda."

Ya amsa a ranar:

"Likitata, na ji kunya. Ke kin yarda da ni tun ba ki san ni ba, ni kuma na yarda da zancen kasuwa. Ki yafe mini. Muna tafe."

Baba Isaiah da kansa ya je Kafur, yana dogara sanda. Ya nannaɗe wando ya nuna tabon.

"Malam, ba don 'yarka ba da yanzu an yi arba'in ɗina da daɗewa. Abin da kake ganin abin kunya, mu a Gozaki yara muke ba labarinsa. Ɗana kuma ya nemi aikin malamin gona a Malumfashi, ba birni za shi ba."

Malam Bature ya kira Roda. "Da gaske ruwan ya kai miki ƙirji?"

"Ya kai, Baba."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganin ta. "Ikon Allah! Ni na haifi wannan?"

Bayan kakar 1966 aka ɗaura aure a majami'ar Kafur. Malam Hussaini, maƙwabcinsu Bafulatani, ya aiko da ƙwaryar nono bakwai, mata suka yi ta guɗa har muryoyi suka dushe. Malam Bature ya ɗora hannu bisa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai tsoronsa. Enoch, ka riƙe ta da daraja."

"Zan riƙe, Baba."

Jama'a suka amsa da amin. Roda ta ɗago mayafi kaɗan ta raɗa masa, "Manomina, share hawayen nan, mutane na kallo."