Amanar Shagon Bawa

Gobe katafila za ta rushe tsoffin shagunan bakin garin Tasawa, waɗanda aka fara jerawa ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, don a gina butik, sababbin shagunan zamani. Shi ya sa Ramla ta hawo kabu-kabu daga Korgom, don ta yi wa shagon ɗinkin marigayi mahaifinta Bawa kallon ƙarshe.

Ta iso ana kiran magariba. An ciccire ƙyamare, ƙura ta rufe ko'ina. Sai ga wani tsoho zaune bakin shagon, an gitta sanda a ƙofar, yadda 'yan kasuwa ke yi in sun tafi salla. Ƙamshin ɗanyen goro ya bugi hancinta.

"Sannu, Baba. Gobe fa za a rushe wurin nan."

"Na ji, ɗiyata. To ya zan yi? Bawa ya ce in riƙe mishi shago, za shi la'asar ya komo. Har yanzu shiru."

Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa. A sujjadar wannan la'asar mahaifinta ya cika, tana ƙarama. Maƙwabcin da ya bar wa shagon kuwa, Sharifu mai goro, an binne shi tun kafin aurenta.

Ta dubi ƙasa. Sawunta kaɗai ne a cikin ƙurar.

Hawaye suka zubo mata. "Baba Sharifu, ni ce Ramla. Na amshi shagon."

"Madalla," in ji tsohon. "Wallahi na gaji."

Sandar ta faɗi ƙasa.